Kaset ɗin Habibu da na shafe

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Habibu. Yau jikokina a unguwar Ruwais, nan Jidda, suna jin kiɗan ko'ina a waya, ba wanda ya ce musu kanzil. A zamaninmu kuwa, ɗan gidan mutunci a unguwar Sa'alaba ba ya kiɗa.

Habibu ya bar aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya bi jirgi zuwa Ingila. Can ya haɗu da Turawa uku, suka kafa ƙungiya, shi ne mai ganga. Sun ƙi manyan kamfanoni, su suke buga faifansu da kansu, suna yawon gari-gari a tsohuwar mota. Ni da na zauna a Bamako da Alƙahira, na ga yadda ake girmama makaɗa, amma duk wanda ya tambaye ni sai in ce Habibu yana aikin jirgi.

Zuwansa na ƙarshe ya kawo mini kaset. Waƙa ɗaya ce da suka ɗauka a ɗaki ba su fitar ba, kuma ita kaɗai ya taɓa rerawa da bakinsa, da Hausa, kan mahaifiyarmu. Ya ce, "Yaya, ka ajiye, babu wani kwafi." Na ce halas, shi ke nan. Ban saurara ba.

A lokacin ba wasiƙa muke aikawa gida ba, magana muke ɗauka a kaset mu ba alhazai. Ranar da wani alhajin Kano zai tashi, na rasa sabon kaset. Na ɗauko na Habibu, wanda ya riga ya karya ɗan haƙorinsa don kada a shafe shi. Na cusa takarda a ramin, na danna maɓallin ɗauka, na gaida dangi ɗaya bayan ɗaya har kaset ya cika.

Bara mai jitar ƙungiyar ya bugo mini waya, muryarsa ta tsufa. Ya ce matasa sun gano su, ana sake fitar da waƙoƙinsu, saura waccan. Na ce masa, da Turancina mai kyau, ta ɓace a ƙaura. Ya yi mini godiya, har ya ba ni haƙuri.

Ban san me Habibu zai ce ba da ya ga yaran da ba a haifa ba a lokacin suna koyon bugunsa. Ina jin dariya zai yi, sannan ya tambaye ni ko na saurara.

Gangarsa tana nan, ana jin ta har a Jidda. Muryarsa kuwa babu inda ta rage, kuma ba ƙaura ce ta ɓatar da ita ba, ni ne.