Takardar Kabon Da Ban Yaga Ba

Edita, ina roƙon a ba ni fili, amma a sakaya sunana. A shekarun mulkin soja ni marubucin wasiƙa ne, ina da tebur da tsohuwar tafireta a gindin wata bishiya a Shahuci. Da ita nake ciyar da mata da 'ya'ya biyar. Ƙa'idar sana'armu ita ce in ka buga wa mutum takardar sirri, sai ka yaga kabon, wato baƙar takardar fitar da kwafi wadda rubutun ke zama a jikinta, a gabansa ka manta da fuskarsa. Haka maigidana ya koya mini.

Zamanin ya matse mu ƙwarai. Mu mutanen cikin gari yawancinmu ba gona gare mu ba, hidimar juna muke ci. Da aka sa dokar hana fita aka kuma fara rushe rumfuna, wanzami ya rasa kan aski, tela ya rasa ɗinki, mai shayi ya kife tukunya. Ni kuwa sai in wuni ina korar ƙuda, domin mutane sun daina kai kuka ko'ina, kowa na tsoron tsallen kwaɗo da bulala. Takardar kabon kanta ta yi tsadar da nake amfani da guda ɗaya har sai ta koɗe.

Ana cikin haka wani dattijo mai gyaran rediyo daga wajen Ƙofar Ɗan Agundi ya zo mini. Katafila ta bi ta kan rumfarsa da rediyoyin mutane a ciki. Ya ce in buga masa koke zuwa ga hukuma, ba suna, kawai a ji abin da aka yi musu. Na sa sabon kabon fil, na zuba masa kalmomi masu zafi, don ni ma cike nake. Da na gama sai na ji ba zan iya yaga sabon kabon ba. Na faki idonsa na zaro wani tsoho na yayyaga, sabon kuma na tura ƙarƙashin akwati. Ya yi mini godiya har da sa albarka.

Bayan kwana tara wasu jami'ai suka zo da takardar suna bin masu tafireta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce bai san ta ba, aka wuce shi. Ni ma na faɗi haka, amma da suka zazzage akwatina suka duba ƙarƙashinsa, suka ɗaga kabon nan a rana, ga rubutun raɗau. Suka ce ko in faɗi mai koken, ko su tafi da ni da tafiretar. Na tuna 'ya'yana. Ko mari ba a yi mini ba na kwatanta musu gidansa.

Suka je suka kama shi, shekara biyu ba a san inda yake ba. Matarsa ta riƙa zuwa ina buga mata takardun neman mijinta, ba na karɓar ko kwabo, ita kuma tana yawo da ni a unguwa wai ni mutumin kirki ne.

Da aka mayar da mulki hannun farar hula, gari ya ɗauki murna, rumfuna suka fara dawowa, layi ya dawo gaban teburina. Aka saki waɗanda ake tsare da su. Ni kaɗai nake fargabar ranar. Wata hantsi sai ga dattijon nan matarsa na riƙe da sandarsa, ya rame, idanunsa sun tafi, hannun da yake kama ƙananan wayoyi da shi yana karkarwa. Ya ce in buga masa takardar neman a mayar masa da gurbin rumfarsa, wannan karon da sunansa. Ya ce har yau bai san wanda ya tona shi ba, yana dai zargin wani maƙwabcinsa, kuma ya daina gaisawa da shi. Na buga hawaye na ɗiga a kan takardar. Da na zaro kabon zan yaga, ya ji ƙarar, sai ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce in bar shi, abin ya yi tsada, ai shi ya yarda da ni.

Na ce a raina gobe zan je gidansa in faɗa masa gaskiya. Goben nan ta kai wata bakwai, har aka yi masa sutura, ina sahun gaba a jana'izarsa. Maƙwabcin nan da dattijon ya mutu yana zarginsa, shi ya shiga kabari ya karɓi gawarsa.

Edita, na daɗe ina ɗora wa soja laifi, kuma suna da nasu. Amma ba su suka tura kabon ƙarƙashin akwati ba. Ina gargaɗin duk wanda mutane ke kawo wa sirrinsu saboda sana'arsa, kada matsi ya sa ya rage ko ƙwayar zarra daga ƙa'ida. Wanda kuma yake da haƙƙin wani a wuyansa, ya je yau tun mai shi yana ji. Ni yanzu ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.