Agali Mai Jin Mota da Tafin Hannu

Ni dai na ga shanu suna dariya, a hanyar Rumbu, ranar da na kafe da motar aro. Motar ta Alhaji Kimba ce, wan matata, ƙatuwar kat-kat, irin mai ja da taya huɗu, 'yar Kwatano wadda ko ƙuda ba ya yarda ya sauka kanta. Na roƙe shi ita don in je suna, na rantse masa na iya tuƙin rairayi. Ban kai rabin hanya ba ta nutse har cibiya. Wani manomi mai suna Rabo ya kwance shanunsa biyu daga amalanke, ya miƙo mini igiyar kaba, ya ce in ɗaura inda ya dace. Na shiga ƙarƙashi ta baya, na laluba, na sami wani ƙarfe kusa da taya, na ɗaura kamar wanda ya san abin da yake yi. Shanu suka ja, mota ta fito, na ji wani ɗan tas. Na ce a raina tsakuwa ce. A hanyar dawowa wata fitila ta kama gaban sitiyari, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji ƙum daga baya. Na wanke motar fes, na mayar, na yi godiya mai tsawo, na kama bakina.

Amma ba labarina zan ba ku ba, na Agali ne, makanikin da ke bayan tashar Dakoro.

An haifi Agali wajen Azagor, cikin raƙuma. Tun bai iya naɗa rawani ba ubansa ya koya masa cewa raƙumi ba ya faɗin inda ke masa ciwo, sai ka hau shi ka ji a ƙugunka wace ƙafa yake tausaya wa. Da aka yi farin da ya share garkensu, ya gangaro Dakoro da buta da tabarma. Ya yi karen mota shekara bakwai, ya yi wankin ƙarfe a garejin wani, har ya kafa rumfarsa ƙarƙashin wata aduwa. Sunan da ya yi da kunne ya yi shi. Mota na shigowa tasha, yana zaune yana fifita shayi, sai ya ce wance ƙafarta ta dama ta kusa zuwa gare ni, kuma kafin sati ka gan ta.

Bara sai wata tayar babbar mota ta fashe dab da kansa, kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya rage rabi. Mutane suka fara cewa Agali ya ƙare. Ni ma, Allah ya yafe mini, ina cikin masu yi masa magana ta dama don mu ga yana juyi kamar mai neman alƙibla.

Ita wannan mota ta Alhaji ba irin waɗanda ya saba da su ba ce. Amortisar ɗinta, wato ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye gargadar hanya, kowace da wayarta zuwa ƙwaƙwalwar motar. Akwai maɓalli kusa da direba: ka danna ta yi laushi kamar katifa, ka sake dannawa ta ƙage. Alhaji ya kai ta Maraɗi, aka jona mata odinatar, wato kwamfuta, odinatar ta ce amortisar ta baya ta hagu ba ta amsawa. Masu garejin suka ce a sauya ta da 'yar'uwarta, a jira kaya daga Kwatano wata guda. Ya dawo ransa a ɓace, ya tsaya rumfar Agali da hantsi. Ina nan, domin inda shayi yake nan nake.

"Agali," in ji Alhaji da ƙarfi, "shekara sha biyar kai ke taɓa motocina huɗu na haya. Yanzu an ce kunnenka ya tafi. Ga wagga, gano mini ciwonta. In ta gagare ka, ba faɗa, duka zan mai da su Maraɗi."

Agali ya san abin da ke nan. Motocin nan huɗu su ne tuwon gidansa, kuma in suka tafi, na sauran mutane za su bi su. Ya ajiye kofi, ya zagaya motar sau ɗaya kamar mai tayin raƙumi. Ya durƙusa ya shafa kowace amortisar, ya duba yatsunsa. A bushe suke, babu mai.

"Alhaji, zauna gaba. Mushe Badaru, kai za ka ja." Ni ke nan; Mushe shi ne malam a bakin Faransa.

"Ni? Ai ni tuƙina na kwalta ne," na ce.

"Yau ka koyi na ƙasa."

Ya kwantar da kujerun baya, ya cire takalmi, ya kwanta rub-da-ciki. Ya ɗora tafin hannu ɗaya bisa ƙafar hagu, ɗaya bisa ta dama, ya kafa tafin ƙafafunsa a bayan kujerunmu. Hanyoyi uku gare shi na gwaji, duk Dakoro an san su: rairayin bayan kasuwar dabbobi, jar hanya mai gargada, da tudun rage gudu na bakin lakwal, wato makarantar boko.

A rairayi motar ta yi shiru. Agali bai damu ba, ya san rairayi yana rufa wa kowa asiri. Da muka hau gargada sai ƙum, ƙum. Bai ji ta da kunne ba sai kamar daga nesa, amma ta shigo masa ta hannun hagu har haƙora.

"Danna laushi."

Na danna. Ya rufe ido. Gaban motar ya saki jiki, hannun dama ya ji ƙafar ta lafa, hannun hagu kuwa yana nan ana dukansa.

"Danna tauri."

Yanzu hannuwan biyu suka zama ɗaya. Ya sa na maimaita sau uku, sannan muka haye tudun lakwal a hankali. Bayan motar ya hau, ya sauka, ya tsaya cak, babu lilo.

Nan ya gane. Amortisar da ta mutu ba ta da ƙarfi, lilo take yi kamar shimfiɗar jariri, kuma yawanci tana zubar da mai. Wannan da ƙarfinta. Umarni ne ba ya isa gare ta, shi ya sa ta ƙage wuri ɗaya. Ban da haka, cikin dukan akwai wani ɗan kaɗawa siriri, na ƙarfe mara nauyi, wanda ba aikin amortisar ba ne.

"Alhaji, na'urarsu ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Ta kira, ba a amsa ba. Sai su suka ce mai gidan ya mutu. Ni ina ga yana ciki, saƙon ne ke ɓacewa a hanya."

Muka koma rumfa. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi, ya bi wayar da yatsa daga kan amortisar. Bai yi taƙi biyu ba ya same ta a tsinke. Ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ya lanƙwashe, yana bugun jikin motar duk lokacin da ƙafar ta yi tsalle. Ya miƙe shi, ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe ta. Da ya fito, akwai wani abu tsakanin yatsunsa: zaren kaba, guda uku, maƙale da laka. Ya dube ni. Ya sa su aljihu.

Aka kashe mota aka tayar, fitilar nan ba ta dawo ba. Alhaji da kansa ya ja ta zuwa gargada ya dawo yana washe baki.

"Shiru kamar masallaci. To mi ya tsinke ta?"

"Wani abu ne ya ja ta da ƙarfi," in ji Agali, yana wanke hannu da toka.

Da na bar maganar nan, da ta mutu nan. Amma mutum ya rufa mini asiri a gaban idona, kuma bakina ya yi kwana tara a ɗaure, abin da bai taɓa yi ba. Sai na ji yana ba da labarin Rumbu tun daga farko, har da launin shanun. Alhaji ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce daga yau ko jakinsa ba zan ara ba, kuma zai faɗa wa ƙanwarsa Rahinatu irin mijin da take aure. Ya juya ga Agali ya ce gobe da safe za a kawo masa biyu daga cikin motocin haya, birkinsu na kuka.

Da ya tafi, Agali ya koma kan tabarmarsa ya gyara garwashi. Har yau nan yake, ƙarƙashin aduwar, kuma yanzu direbobi ba sa cewa ya saurari mota, cewa suke ya ɗora mata hannu. Ranar dai, na matso ta hagunsa, karo na farko cikin shekara guda.

"Buzu, ka ga alherin da na yi maka? Ba don na tsinke wayar nan ba, da wa zai san har yanzu kana ji? Ya kamata kofin farko ya zama nawa."

Ya ɗaga butar sama, ya tsiyaya, ya sha kofin farko da kansa.

"Mushe, ita motar waya ɗaya ta tsinke, na haɗa. Taka tsakanin kai da baki ta tsinke, kuma na duba kayan aikina, ba ni da dalmar da za ta kama."