Wuƙar da Ta Tashi Alhaji Tsaye

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da Alhaji daga gidanmu na Gobarau aka kai shi makwanci. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Tun ina yarinya ɗanya nake duban fuskar bawan Allahn nan, har aka rufe ta ban ƙoshi ba.

Waɗanda suka san shi a rumfarsa ta yadi sun san mutum ne mai jiki. Ana ce masa giwa, yana dariya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ciwon sukari, hawan jini, gwiwoyin da suka ƙi ɗaukarsa, salla a kan kujera. In barci ya kwashe shi numfashinsa kan tsaya, ni ma nawa ya tsaya har sai nasa ya dawo.

Yana da shekara sittin da huɗu likita ya kawo maganar aikin rage tumbi. Dangi suka yi ca. Yayansa ya zo har zaure ya ce, "Tsohai-tsohai da kai a tsaga ma ciki? Mi ya yi zahi? Ƙiba ai ruhin asiri ce."

Alhaji ya ce, "Yaya, wane ruhin asiri ne zai hana ni sujada?"

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce shekaru kaɗai ba sa hana aikin, amma jikin tsoho ba na yaro ba ne, sai an auna zuciya da huhu da ƙoda, kuma ko an auna haɗari yana nan. Aka auna, aka yi a Abuja.

Ba zan ce an sha daɗi ba. Makonni yana kan ruwa-ruwa, kunu a ɗan kofi, in ya yi gaggawa ya amayar. Ga ƙwayoyin gina jiki da aka ce ba zai rabu da su ba har abada. Babbar riga ta koma masa kamar ta aro. Mutane suka riƙa zuwa dubiya da kwanukan tuwo wurin mutumin da ke warkewa, suna fita suna raɗar sammu. Shi kuwa sukari ya sauka, kuma ranar da goshinsa ya taɓa ƙasa bayan shekaru, na ji shi yana kuka a kan darduma.

An ce ya riƙa tattaki. A unguwa bai iya ba, kowa sai ya tare shi da "Alhaji, motar ce ta lalace?" Sai ya riƙa ɗaukata bayan la'asar mu tafi GRA, mu ajiye mota, mu bi inuwar dalbejiya kafaɗa da kafaɗa, abin da ba mu taɓa yi ba ko muna ango da amarya. Wata rana ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe tsuhwa ma na da amarci." Shekara uku muka samu a haka. Sannan zazzaɓi ya zo, wa'adi ya cika. Likitoci suka ce ba ruwan aikin. Gari ya ce wuƙa ce.

Yau ga ni a inda ya tsaya. Shekarata sittin da biyu, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai na dafa bango, idanuna sun soma dishi-dishi saboda sukari. Ni ma likita ya kawo mini maganar aikin nan, an auna ni, an ce jikina zai iya ɗauka yanzu, amma ba a yi mini alkawarin baɗi ba. 'Ya'yana mata sun yarda. Ɗana na fari ya ƙi, shi ne kuwa uban gidan yanzu, ba zan kwanta gaban wuƙa ransa a ɓace ba.

Kun san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido mun yi doguwar magana ba. Na aiki ƙanwata, ya ce mata, "Inna, ki ce ma Hajiya na rasa uba, ba ni ba da uwa." Ina da amsa, alkunya ta ɗaure mini baki.

Ina ma Alhaji zai leƙo! Na san ba zai ce babu tsoro ba, shi ma da tsoronsa aka tura shi ɗakin tiyata. Zai ce zaman nan da nake yi ma tafiya ce, a hankali kawai ake yin ta. Rumfa an sayar, rigunan an rabar. Abin da ya rage mini nasa shi ne na ga tsoho ya zaɓi ya rayu, kuma bai yi nadama ba ko sau ɗaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san kana sayen jaridar nan, ɗan fari. Ina tsoro kamar yadda kake tsoro, amma na fi tsoron ranar da za ka shigo gaishe ni in kasa ganin fuskarka. Ba sai ka ce mini komai ba, ni ma ba zan ɗago kai ba. In ka yarda a yi mini aikin, ka zo da mota kawai, ka tsaya a ƙofar gida. Zan dafa bango in fito.