Kogin da Na Yanke

Ban taɓa mantawa da safiyar da Dakta Sa'adatu ta tsaya a ƙofar ɗakin zane ta tambaye ni ina kogi ba. Ku da kuka kama aiki bana kuna jin ana kirana Bala Mai Kogi, wasunku har sun ɗauka gidanmu masunta ne. Ina! Ni ɗan Maiyama ne, ubana gero yake nomawa, ko iyo ban iya ba. Ku gyara zama ku ji yadda sunan ya same ni.

Lokacin ina ƙarshen shekarata ta biyu a sashen koyar da zanen gine-gine na jami'a, nan Aliero. Aikina shi ne irin naku yanzu: kula da ɗakin zane, yanka kwali, datse gefen zanen ɗalibai a liƙa a allon bango, da kunna majigi idan malami zai nuna hotuna. Ga wanda bai san tsarin ba, sabon ma'aikaci yana shekara biyu a matsayin gwaji. In sun cika, sai a cike masa takardar tabbatarwa, malamin da ya fi aiki da shi ya rubuta shaida, shugaban sashe ya sa hannu. In kuwa takardar tuhuma ta riga ta shiga fayil ɗinka, to sai dai addu'a, don ana iya sallamarka ba tare da dogon bayani ba. Tawa takardar tabbatarwar tana kan teburin shugaban sashe a wannan makon. Ga mata, ga jaririya, ga duk Maiyama an san ɗan Malam Audu ya samu aikin jami'a.

Dakta Sa'adatu ita ke koyar da 'yan aji biyu tarihin zane da sassaƙa na ƙasashen Indiya da Sin. A Indiya ta yi karatunta mai zurfi. Mace ce gajera, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Shekara biyu ina kunna mata majigi, kuma wallahi ban taɓa kallon hoto ɗaya da idon basira ba. Ni dai in danna in ta ce "gaba", hankalina yana kan tuwon rana.

Wata Litinin da rana, lokacin da ake cire albasa, duk gari ya ɗauki warinta, ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle, kamar ƙaramar tabarma. Ta ce, "Malam Bala, ka shirya mini wannan don ajin gobe da ƙarfe tara." Ta wuce taron malamai da sauri.

Na warware shi a ƙasa. Doguwar takarda ce, ta kai kamu goma sha biyu, faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba, zanen mutanen Sin da baƙar tawada. Duwatsu ne da itatuwa da 'yan bukkoki a wannan gefe, duwatsu a wancan gefe, sai wasu jajayen hatimai nan da can. Amma a tsakiya, wajen kamu biyu, fari fat, ba komai. Na ce a raina, ka ji masu buga takarda, tawada ta ƙare musu a tsakiyar aiki ba su lura ba. Na auna allon bango, na ga kamu goma ne cif. Sai na ji daɗi, na ce Allah ya haɗa. Na ɗauko wuƙata da ƙarfen awo, na cire farin nan tsaf, na haɗa dutse da dutse, na bi bayan da gam. Ko kai ka zana ba za ka gane wurin haɗin ba. Na kafe shi a bango, na ja da baya ina yaba kaina. Farin kuma na jefa shi kwandon ragowar takardu.

Washegari ta shigo tara saura kwata. Ta tsaya a ƙofa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Malam Bala, ina kogin?"

Na ce, "Wane kogi, ranki shi daɗe?"

Ta matsa ta sa yatsa daidai inda na haɗa. Ta ce, a hankali, cewa ta nufa in share dogon tebur in shimfiɗa ƙyalle, don irin wannan zane ba a kafe shi a bango. Ta ce ba na asali ba ne, na asali suna gidajen tarihi, amma bugu ne mai kyau da malaminta na Indiya ya ba ta ranar da ta gama, kuma malamin ya rasu. Jama'a, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daidai nan shugaban sashe ya leƙo, ya ji abin da ya faru. Shi mutum ne mai bin doka sau da ƙafa. Ya ce, "Wannan lalata kayan koyarwa ne. Ka zo ofis ka karɓi takardar tuhuma."

Dakta ta ce, "Farfesa, a ba ni zuwa gobe." Ta juyo ta ce mini, "Je ka nemo abin da ka cire. Ko a ina yake."

Na ruga kwando, wayam. Sai na tuna Baba Altine masinja shi ke kwashe ragowar takardu kullum da yamma. Na same shi gindin darbejiya yana cin goro. Ya ce, "Af! Ai na kai ma ƙanena Haruna, mai balangu bakin tashar Jega. Mi ya faru? Hwarar takarda ce hwa, ba rubutu." Ban tsaya ba shi labari ba. Na tari kabu-kabu, na ce Jega, kuma kada ka tausaya wa mashin.

Duk hanya ina hango kogin Dakta a naɗe da nama a hannun wani direban tirela, ya nufi Yawuri. Muna wuce motocin albasa ina salati.

Na iske Malam Haruna yana juya nama, dattijo mai furfura a gemu. Ga takardunmu nan a gefen tebur an yayyaga su daidai naɗi. Na gaishe shi ina haki, na ce ina neman wata doguwar farar takarda mai kauri cikin kayan da Baba Altine ya kawo jiya.

Ya ce, "Wagga mai ɗan masunci?"

Na ce, "A'a Baba, fara ce, ba komai a jikinta."

Ya dube ni kamar wanda ya ce rana ba ta fito ba. Ya goge hannu, ya miƙa saman rumfa ya zaro ta a naɗe. Ya buɗe ya nuna mini da farce. Wallahi tallahi, ga wani ɗan kwalekwale can ƙasa-ƙasa, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ga mutum zaune a ciki ya sunkuya. Sama da shi kaɗan ga wasu ɗige-ɗige a jere, tsuntsaye. Kuma farin ma ba fari ɗaya ba ne, akwai wani toka-toka siriri da ya ratsa shi.

Ya ce, "Har na kama zan yaga, sai nig gane shi. Awa gulbinmu da sassafe in hazo ya kwanta, ba ka ganin komi sai mai jirgi. Nic ce a'a, ba a naɗe nama da mutum." Ya yi dariya. "Kai kac ce aikin zane kaka yi?"

Na ce eh. Mahauci mai hayaƙi a ido ya ga abin da ni mai albashin kallon zane ban gani ba. Illa ɗaya, inda ya riƙe takardar jiya, babban yatsansa ya bar tambari a kusurwa, ja da mai da yaji.

Na kai wa Dakta bayan azahar, ina nuna tabon ina ba da haƙuri. Ta daɗe tana kallonsa. Da na ba ta labarin Malam Haruna sai na ga murmushinta na farko tun safe. Ta nuna mini jajayen hatiman da ke sauran takardar, ta ce a al'adar mutanen Sin, wanda zane ya zauna a hannunsa kuma ya san darajarsa yakan buga masa hatiminsa, shi ya sa tsohon zane ke tara su. Ta ce, "Kada ka goge. Wannan mutumin ya cancanci nasa." Muka zauna ni da ita muka ɓamɓare gam ɗin a hankali, muka mayar da kogin wurinsa da siririyar takarda ta baya. Layin yanka biyu dai suna nan, ba su ɓoyu ba.

Washegari ta shiga da ni ofishin shugaban sashe. Ina tsaye ina jiran hukunci sai na ji ta ce, "Farfesa, rabin laifin nawa ne. Shekara biyu yana tsaye bayan majigi a ajina, ban taɓa ce masa zauna ka duba ba. Mun ba shi wuƙa ba mu ba shi ido ba." Ta roƙi a dakatar da tuhumar, a bar ni in zauna a ajinta har ƙarshen zango kamar kowane ɗalibi, in yi jarrabawar gane hotuna tare da su, sannan ta rubuta shaidarta. Farfesa ya buɗe aljihun tebur ya saka takardar tabbatarwata ya rufe. Ya ce, "Tana nan. In shaida ba ta yi kyau ba, ka san sauran."

Haka na koma ɗalibi da gemuna. A ajin farko ni ta sa na warware zanen a kan tebur, ɗalibai goma-goma suna zagaye. Daga dama ake farawa, kamar karatun allo. Hannun hagu yana buɗewa, na dama yana naɗewa, abin da ke gabanka bai wuce faɗin kafaɗunka ba. Sai ka ga kana tafiya: ka hau dutse, ka bi 'yar hanya, ka wuce bukka, kwatsam ƙasa ta ƙare, ka fito fili, ba komai sai hazo. A nan muka tsaya. Ta tambaya me ya sa mai zanen ya bar wurin haka. Wani ɗalibi ɗan Kashin Zama ya ce, "Dakta, ko a gonar albasa in ba a bar hanyar ruwa tsakanin fangali ba, ai ba a yi komi ba." Ta ce ya rubuta wannan a jarrabawa, za ta ba shi maki.

Daga nan muka shiga Indiya, kuma a nan ne abin ya kama ni sosai. Ta nuna mana ɗakunan kogo da aka fafe cikin dutse aka zane bangonsu da launuka, da ƙananan zanen fadar sarakuna da ake yi da burushi mai siririn gashi, har kana ƙirga gashin gemun mutum. Wasu ɗalibai sun yi gunaguni kan gumaka. Ta ce musu ba bauta aka kawo su yi ba, an kawo su su ga yadda hannun ɗan Adam ke aiki, kuma mai son gina masallaci mai kyau ba ya rasa abin koya a wurin kowane magini. Ranar da ta nuna wani ɗakin ibada da aka sassaƙa daga dutse guda, an faro daga sama ana yin ƙasa, ta ce, "Waɗannan masu sassaƙa, abin da suka cire ba ya komawa. Don haka sai sun daɗe suna kallo kafin su ɗaga guduma." Ta kalle ni ta saman tabarau. Ajin ya kwashe da dariya, har da ni.

Na yi jarrabawa a kujerar baya, kamar ɗan firamare. Bayan mako biyu Farfesa ya aiko Baba Altine ya kira ni. Takardata tana kan tebur, shaidar Dakta a manne. Ya juyo mini ita ya ce in karanta. Na zaci zan ga shafi guda. Layi ɗaya ne: "Yanzu yana dubawa kafin ya yanka." Farfesa ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin gajeriyar shaida irin wannan ba, ya ɗauki biro ya sa hannu. Na fito na zauna gindin darbejiya, hawaye suka zubo mini, Baba Altine yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na yi aiki da malamai da yawa, masu ilimi ƙwarai, amma ban ga wanda aka ɓata wa abin da yake ƙauna ya mayar da ɓarnar darasi kamar matar nan ba. Aikinmu na wuƙa ne, kuma wuƙa ba ta san nadama ba. Abin da ka ɗauka fanko ne, wataƙila shi ne dalilin zanen gaba ɗaya.

Da za ta yi ritaya ta bar wa sashe zanen, ta ce ni zan riƙa ajiye shi. Ga shi can cikin kabad, da layin yanka biyu da yatsan Malam Haruna. Shi ya sa har yau ban ba kowannenku mabuɗin akwatin wuƙaƙe ba. Ku je ku wanke hannu, ku share dogon tebur. Wanda ya nuna mini masuncin, shi zai karɓi wuƙa.