Garin Ƙarfen Cikin Rediyo

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wani baƙin gari a tafin hannun mai gyaran rediyo, mai laushi kamar kwalli. A rumfarsa ne, ranar kasuwar Birnin Kudu, a shekarun da kuɗin mai ya shigo kowane magidanci yake son ya rataya rediyo a kafaɗa.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Gwaram, kaina cike da waƙoƙin soyayya. Ina son wata yarinya a Maruta, na kuma kasa gaya mata. Sai na aika da katin gaisuwa gidan rediyon Kaduna, da sunanta da baiti biyu, ina jiran a karanto a shirin gaishe-gaishe na Juma'a. Na riga na tsara yadda za ta ji a raina: tana tankaɗe, ta saki rariya.

Rediyo ɗaya ne a gidansu, na babanta, kuma a makon nan ya yi shiru. Dalili kuwa, yayanta, abokina ne, direban babbar mota, ya buɗe bayansa saboda sautin ya ɗan ragu. Ya ga wasu ƙananan gwangwanaye, kowanne da abu mai tsaga a tsakiya kamar kan noti, duk suna juyawa. A wajensa duk abin da ya saki a mota ɗaure shi ake yi. Ya sa sukundireba ya ɗaure su tamau, har ɗaya ya fashe.

Ni na matsa masa muka kai gyara, bai san dalilina ba. Mai gyaran ya karkaɗe gwangwanin a hannunsa, garin ya zubo.

"Direba, wannan ai ba tayar mota ba ce."

"To, Malam, me ya sa masu yin abin suka bar shi a sake?"

Mai gyaran ya ce da gangan ne. Garin ƙarfe ne aka kwaɓa da danƙo aka matse shi, yana zaune a cikin naɗin siririyar waya, kuma iyakar shigarsa ko fitarsa ita ke sa tasha ta fito sarai. Ba a juya shi da ƙarfe, sai da tsinken gora. Ya ciro wani daga mataccen rediyo ya saka, ya kara kunne yana juyawa a hankali, har muryar Kaduna ta fito. Direban ya ce shi dai bai yarda da inji mai sakakken noti ba.

An karanto katina a Juma'ar da ta biyo. Ita tana rijiya. Babanta ne ya ji, shi da dattawan unguwa a gindin tsamiya, har da baitocin. Ya aiko a kira ni, na je.

"Malam, zaurena a buɗe yake. Me ya kai ka Kaduna neman 'yata?"

Ya ce in turo manyana kafin in ƙara ba shi kunya. Bayan girbi aka ɗaura aure.

Yanzu ta yi jikoki, kunnenta ya ɗan yi nauyi, amma ba ta barin shirin gaishe-gaishe ya wuce ta. Har yau tana gaya wa yara cewa ita ba a taɓa gaishe ta a rediyo ba, babanta aka gaisar.