Rantsuwar da Denzil Ya Yi a Kan Kogin Tamar

Denzil Trewartha haƙar kuza ya gada. Tun yana saurayi yake shiga rami a garin Camborne na yankin Cornwall, har ranar da aka rufe ramin aka sallame su. Daga nan zancen ƙasa ya kama shi. Ba ya cewa Cornwall, sai Kernow, da harshen kakanni wanda shi kansa sai da ya yi furfura ya fara koya. Maganarsa kullum ɗaya ce: su al'umma ce mai zaman kanta, ba wanda ya tambaye su kafin a jera su cikin gundumomin Ingila, kuma kogin Tamar shi ne iyaka.

Shekarar da aka yi ta neman a ba su majalisar kansu, kullum yana bakin kasuwa cikin ruwan sama, riƙe da baƙar tutarsu mai farin gicciye. Da gwamnatin London ta yi kunnen uwar shegu da su, sai ya miƙe a mashaya ya rantse ba zai ƙara tsallake Tamar ba sai majalisar ta zauna.

"To ka nemi kujera mai laushi, tsoho," in ji Wella, abokinsa na rami. "Za ka daɗe a zaune."

Aka yi dariya, amma magana ta bi gari. Aka riƙa nuna shi a wurin taro ana tafa masa. Tun abin yana masa daɗi har ya rasa hanyar janyewa.

Ana nan sai 'yarsa Lowena ta rasa gidan da za ta iya kamawa, don baƙi masu zuwa hutu sun saye na yankin. Ta sami aikin jinya a Plymouth, tsallaken kogi, ta yi aure a can ta haihu. Matarsa Tegen takan hau jirgin ƙasa ita kaɗai, da kwandon gasasshen burodi mai nama da dankali a ciki.

"Baba, gada ce fa kawai," Lowena ta ce masa a waya. "Wa zai gan ka?"

"Ni zan ga kaina."

"Jikarka ta fara tafiya."

"Ki kawo ta. Ai nan ne gidanta."

Takan kawo ta jefi-jefi. Daga baya aiki ya yi yawa, zuwan ya ja baya, shekaru suka yi ta wucewa.

A wata ziyarar ce ciwo ya kama Tegen a Plymouth. Da aka gaya masa, ya ce a bari a gani, wataƙila gobe a sallamo ta. Washegari Wella ya tsayar da mota a ƙofar gidansa.

"Shiga, ko in ɗauke ka in jefa."

Ya shiga, suka tsallake gadar. Kafin su isa asibiti bakinta ya riga ya rufe. Ta dai gane shi, ta riƙe masa hannu, kuma ba ta ƙara tashi ba.

Bayan jana'iza ya yi zaton za a yi masa gorin karya rantsuwa. Ba wanda ya ko ɗaga zancen, ashe mutane sun daɗe da mantawa. Wannan ya fi komai cin ransa.

Har yau yana zuwa taro, majalisar kuwa ba ta zo ba, kuma bai canza ra'ayi ba. Ranar Lahadi yakan je Plymouth. Jikar ta zama budurwa, amma babu tsokanar nan ta jika da kaka a tsakaninsu. Takan gaishe shi da ladabi, ta kawo masa shayi, ta tambaye shi ko yana shan sukari.