Kunnen Giwar Kaka Asabe

Wata Juma'a cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, mota ta tsaya a bakin layinmu a unguwar Gangare, cikin Jos. Baba ya fito ɗauke da akwati, mahaifiyarsa Kaka Asabe na biye da shi, rungume da tukunyar ƙasa da ta lulluɓe da mayafinta, ita kuwa ruwa na dukan kanta. Tun rasuwar mijinta Baba ke lallashinta ta baro Lakwaja ta dawo wurinmu, sai ranar ta yarda. A cikin tukunyar akwai shuka mai faffaɗan ganye da marigayin ya dasa a bakin rijiyarsu. Kaka na kiranta kunnen giwa. Ganye bakwai gare ta, na ƙirga da kaina.

Aikina a gida shara ne da ɗebo ruwa a famfon layi, sai aka ƙara mini da shayar da shukar. Na ɗauki abin da zafi. Kofi biyu kafin in tafi makaranta, biyu in na dawo, ga ruwan wankin shinkafa da nake roƙo a wurin Inna. Ko carafke muke yi da ƙawayena a zaure, sai in zubar da duwatsun in ruga in leƙa ta. Kaka kuwa sanyin Jos ya hana ta sakat. Ta daina fitowa tsakar gida, ta duƙunƙune cikin bargo, tuwo ma sai ta ɗan taɓa ta ture. Ana cikin haka ganye ɗaya ya yi rawaya, ya langaɓe, ya faɗi. Na ɗauke shi na cusa a jakar makaranta. Na biyu ya bi, na uku ma, ni kuma ina juya tukunyar don wajen da ya zube ya kalli bango. A zatona ƙishi ke damunta, sai na ƙara ruwa.

Mama Kachollom ce ta tona ni. Ƙawar Inna ce, tana kawo mana dankali da kabeji, mijinta kuma shi ke kula da lambun wani gida a Rayfield. Ta shiga gaida Kaka, ta dubi shukar, ta tura yatsa cikin ƙasar, ya fito da caɓi. Ta ce, "Wa ke kashe wannan abu da ruwa?" Na fashe da kuka, na zazzage jakata, busassun ganyen suka zubo. Kaka ta ɗago daga cikin bargo ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan. Tun na farko na gan ki. Na yi shiru ne don na ɗauka garin ne bai karɓe ta ba." Mama Kachollom ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, garinmu ba shi da laifi. Tukunyarki ce ba ta da huji."

Ranar Kaka ta sauko daga gado ba wanda ya tallafe ta. Aka kifar da tukunyar a kan buhu, saiwoyin sun yi baƙi suna wari. Ta hana kowa riƙe wuƙa, ita ta yanke ruɓaɓɓun. Na daka gawayi, muka gauraya da yashi da busasshen kashin shanu da mai kawo mana nono ta ba mu, Inna ta huda gindin tukunyar da ƙusa. Daga nan aka kafa mini doka: in tura yatsa, in ya fito a bushe, in ba ta ruwa. Kowane hantsi Kaka ke fito da ita ta sha rana a gefen madafa, ita ma ta zauna kusa, har matan layi suka fara tsayawa hira da ita. Bayan 'yan makonni sabon ganye ya leƙo, a naɗe kamar tabarma. Ni ta fara kira in gani, tun kafin Baba.

Kaka ta yi shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu a bene nake zaune a Titin Bauchi, babu tsakar gida, maƙwabta kuma a matakala kawai muke gaisawa. In ɗiyata ta fasa kofi ta ɓoye ɓaraguzan, nakan kama bakina kafin faɗa ya fito. Ba a taɓa yafe mini da sauri irin na ranar nan ba.